Kwanon Saura

"Saura, haba Saura, ɗan lasa mana. Ko sau ɗaya."

'Yar Mai Faci ce durƙushe a bakin rumfar ubanta da kwano a hannu, tana lallashin kwikwiyo kamar mai lallashin jariri. Shi kuwa ya shige cikin wata tsohuwar tayar mota ya naɗe, ya ba ta ƙeya. Daga inda na tsaya ina iya ganin haƙarƙarinsa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ranar da Baba ya faɗi. Sannu da dawowa, Baba Kafinta." Ta share gumi da bayan hannu. "Babu abin da ban gwada ba. Madara, dafaffen ƙwai, kifi, har hanta na sayo masa, wadda ni kaina ban ci ba. Sai ya shinshina ya kau da kai, kamar na zage shi. Ruwa kaɗai yake sha."

Ni ina wani gari ina kafa ƙofofi aka yi abin, daren jiya na dawo maiɗakina ta ba ni labari. Mai Faci yana cikin ɓamɓare taya daga ƙarfenta sai ya zauna daɓas, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibiti suka duba suka ce a koma da shi gida. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. 'Yarsa ta baro mijinta da 'ya'yanta ta zo jinya.

Daga cikin ɗakin da ke bayan rumfar wata murya ta fito, a karkace, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Ya ci?"

"Tukuna, Baba," in ji ta. Ta dube ni. "Maganarsa ke nan. Bai tambayi jikokinsa ba, bai tambayi rumfa ba. Ya ci, ya ci."

Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da tsakar gidan Mai Faci, gajera, iya ƙirji. Shekara da shekaru ina jin tarinsa yana jin zartona. Gidan na gado ne, shi da ƙanensa suka raba: shi ya ɗauki ɓangaren bakin titi, ƙanen ya ɗauki na ciki. Ƙanen nan sabulu da turare yake sayarwa a kasuwa, kullum cikin fararen kaya masu karin guga, shi ya sa unguwa take ce masa Tsaf-tsaf. Mutum ne da in zai zauna a bencinka sai ya shimfiɗa hankici. Ni ban taɓa yarda da wanda tsabtarsa ta tsaya a riga ba.

Mai Faci yana da karya, baƙa mai farin wuya, ita take gadin tayoyinsa. Tsaf-tsaf kuma yana kiwon tantabaru, ni na ƙera masa akwatunansu. Da tantabarun suka fara ɓacewa sai ya ɗora wa karyar. Bai yi wa yayansa magana ba, bai kira kowa ya shiga tsakani ba. Ya sayo maganin ɓera ya cakuɗa da nama, ya zuba mata a kwanonta, alhali tana shayar da 'ya'ya. Na ga mutuwarta da idona ta kan katanga, kuma ba zan kwatanta ba. 'Ya'yan da suka sha nononta suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin cikinsu, wanda 'yan'uwansa suke turewa ba ya samun nono, shi ya tsira. Mai Faci ya sa masa suna Saura.

Tantabaru kuwa suka ci gaba da ɓacewa, har aka kama kyanwar da ke ɗauke su. Tsaf-tsaf bai ce a yi haƙuri ba. Cewa ya yi, "To, ai dai mun huta da haushi."

Daga ranar Mai Faci bai sake yi masa magana ba. Ya wanke kwanon da yashi da toka, ya ajiye wa Saura. Kuma ya ɗauko wata tarbiyya, don kada a maimaita masa: kwikwiyon ba ya cin komai sai abin da ya ga ya fito daga bakin tsohon. Zai zauna a kan taya da farantinsa, ya ɗebi loma ya tauna, kwikwiyo na kallo, ya tofa a tafin hannu ya miƙa masa. Sai an yi haka sannan ya juye sauran a kwano, Saura ya afka. Kwanon ƙarfe ne mai lotsattsen gindi, ba ya zama daidai, in kwikwiyon na ci sai ya riƙa tura shi a kan siminti, ƙwarang-ƙwarang, har ƙofar ɗaki. Ni kaɗai na san wannan, don ni kaɗai nake leƙe ta katanga ina yi masa tsiya.

"Maƙwabci, ka zama uwar kare."

"Gara uwar kare da yayan wani," in ji shi.

To, da na ga yarinyar nan tana fama, na buɗe baki zan gaya mata. Maganar tana kan harshena ƙamshin turare ya riga mai shi isowa.

"Har yanzu wannan abin yana nan?" Tsaf-tsaf ya tattare bakin rigarsa ya kewaye tayar. "Ke, mutane suna zuwa dubiya, ki bar musu ƙazanta a ƙofa? Ki ba masu kwasar shara su tafi da shi."

"Baffa, Baba shi yake tambaya."

"Sai ki ce masa ya ci. Mara lafiya ai faranta masa ake yi."

Ya wuce ƙofar ɗakin, ya tsaya a bakin labule, ya sassauta murya. "Yaya, ya jiki? Karenka ya ci, ya cinye tas, har ya nemi ƙari."

Na bi bayansa na leƙa. Mai Faci yana kwance a katifa, rabin fuskarsa ya zube. Idonsa mai lafiya ya tsaya a kan ƙanensa, sannan ya gangara ƙofa, wajen siminti, inda bai ji ƙarar komai ba. Da ƙyar, da hannunsa na hagu, ya ja jikinsa ya juya fuska bango. Daidai yadda kwikwiyon ya yi a cikin taya.

A nan na rufe bakina.

Tsaf-tsaf ya ja ni gefe, wajen bahon ruwan da ake neman hujin taya.

"Kafinta, kai yake jin maganarka. Ka sa baki. Kullum haka yake yi mini. Uwa ɗaya uba ɗaya, a ce ya tafi da ni a zuciya saboda kare?"

"Saboda kare?"

"To, saboda me?"

"Ka ga, ba zai dube ka ba sai kwikwiyon nan ya ci, kuma ya ci a hannunka. Akwai yadda ake yi. Na sani."

"To faɗa mana."

"Je ka buɗe shagonka. In ka dawo da yamma zan nuna maka."

Da yamma ne mutane suke cika rumfar, na san da haka. Direbobi da masu babura, waɗanda tsohon ya yi wa faci rabin rayuwarsu, duk a lokacin suke zuwa dubiya. Shi ya kashe karyar a ɓoye. Ni a bainar jama'a nake so.

Da rana na shiga na zauna wajen Mai Faci. Ɗakin yana warin roba da man zafi. Takalmansa na aiki suna nan a ƙofa, an jera su kamar zai tashi ya sa.

"Ya ci?"

"Zai ci, maƙwabci. Yau zai ci. Kuma wanda zai ba shi, sai ka yi dariya."

Ya dube ni da idon nan ɗaya, ya daɗe. Ban san abin da ya gane ba. Numfashinsa ya riga ya canja, yana ja yana tsayawa.

A gida maiɗakina ta ajiye mini abinci da ƙarfi har miya ta fantsala. Na riga na gaya mata shirina, don ba na ɓoye mata komai.

"Mutum yana kan gargara, kai kana shirya wasan kallo."

"Hukunci nake shiryawa."

"Wa ya naɗa ka alƙali? Ka je ka tauna shinkafa ka ba dabba, tsoho ya ji sanyi. Bakinka ya fi na wani tsada ne?"

"In ni na ba shi, wancan ya sha ke nan. Gobe ya sa fararen kaya ya zauna karɓar gaisuwa, a ce ga ƙanen mamaci mai ladabi."

"Alhaki ai kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ba sai ka ɗaura masa igiya ba."

"Wani lokacin sai an nuna masa gidan," na ce.

Ta ɗauke tulun ruwa ta yi waje.

Da rana ta yi sanyi rumfar ta cika. Wasu a benci, wasu a kan tayoyi, ana hira ƙasa-ƙasa. Na sa 'yar Mai Faci ta dafa shinkafa da kifi, ta zuba a kwanon Saura. Ta ajiye ta koma wajen ubanta, don jikin ya tsananta, ba ta iya barinsa. Kwanon yana tsakiyar rumfa, ƙuda suna zagaye shi.

Tsaf-tsaf ya iso, ya sake wasu fararen kayan. Ya gaisa da jama'a hannu bibbiyu, ya matso kusa da ni.

"To, ga ni."

"Tsuguna."

"A nan?"

"A nan yayanka yake tsugunawa."

Ya dubi simintin, baƙi ƙirin da man inji da garin roba. Ya laluba aljihu zai ciro hankici.

"Bar shi," na ce. "Ƙamshin turaren zai kore shi."

Ya tsuguna. Hirar rumfa ta mutu.

"Kwikwiyon nan," na ce, kuma na ɗaga murya yadda na bayan benci zai ji, "ba ya cin abin da bai ga mutum ya tauna ba. Yayanka ya koya masa haka. Ka san dalili, ko in faɗa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Saboda an taɓa zuba wa uwarsa abinci a kwanon nan, wanda mai zubawar ba zai iya sawa a bakinsa ba. To, ɗebi. Ka tauna yana kallo, ka tofa a hannu, ka miƙa masa."

"A kawo mini a faranti."

"Daga kwanon."

"Kafinta, kwanon kare ne."

"Ai ka san kwanon. Ba yau ka fara sa hannu a ciki ba."

Wani direba ya yi tari. Wani tsohon mai babur ya ce, "Haba, Kafinta, a yi sassauci mana." Na ce masa sassaucin yana wajen karyar, ya je ya karɓo. Tsaf-tsaf ya miƙe tsaye, idanunsa sun yi jawur, na ɗauka tafiya zai yi. Da ya tafi da na ji daɗi, don da unguwa ta gama saninsa.

Sai muryar ta fito daga ɗaki, ta yi siriri, da ƙyar ta kai rumfa.

"Ya ci?"

Tsaf-tsaf ya tsaya kamar an kafe shi da ƙusa. Sannan ya durƙusa, gwiwa biyu, fararen kayan a cikin man inji. Ya kori ƙudan da bayan hannu, ya ɗebi shinkafar ya kai baki. Maƙogwaronsa ya motsa, ya yi yunƙurin amai, ya danne. Ya tauna. Hawaye suna zubo masa, ban sani ba ko na ƙyama ne ko na wani abu, kuma ban damu in sani ba.

"Ba ya ganinka," na ce. "Matsa."

Ya ja gwiwa har bakin tayar. Ya sake ɗiba, ya tauna da baki a buɗe kamar yaro, ya tofa a tafin hannunsa ya miƙa.

"Zo," ya ce. "Zo mana... yaya sunansa?"

"Saura. Sauran da ka bari."

"Saura. Zo, don Allah."

Kunne ɗaya ya fara motsawa. Kwikwiyon ya ɗago kai ya dubi bakin mutumin, ya dubi hannun. Ya fito daga tayar yana tangaɗi, ƙafafunsa na baya suna harɗewa. Ya shinshina yatsun ya ja da baya, ya yi atishawa saboda turare. Wani ya yi dariya, aka harare shi. Tsaf-tsaf ya goga ɗaya hannun a siminti, a cikin baƙin man, ya mayar da lomar cikinsa ya sake miƙawa. Wannan ban gaya masa ba, shi ya yi tunaninsa.

Saura ya lasa. Ya sake lasa. Ya cinye abin da ke hannun, ya bi tsakanin yatsu da harshe. Tsaf-tsaf ya tura masa kwanon, ya sa kai.

Ƙwarang. Ƙwarang-ƙwarang.

Kwanon ya kama tafiya a kan siminti, kwikwiyo na biye da shi, suka nufi ƙofar ɗaki. Tsaf-tsaf ya tashi da gudu ya tsallake su, ya banke labule, shinkafa a gemunsa.

"Yaya, ya ci! Wallahi wannan karon ya ci! Ka ji kwanon? A hannuna ya ci, Yaya!"

Na shiga bayansa. 'Yar tana zaune a gefen katifa, tafin hannunta a kan idon ubanta, tana shafa shi ƙasa. Fuskarsa ba ta bango take kallo ba, tana kallon ƙofa. Ko shi ya juyo ko ita ta juyo da shi, ban tambaya a lokacin ba.

Tsaf-tsaf ya zube a ƙasa ya kama ƙafar yayansa da hannun nan mai baƙin mai. "Ya ji? Ke, ya ji?"

"Ban sani ba, Baffa," ta ce. "Kwanon yana fara ƙara na ga kamar girarsa ta ɗaga. Ko ni ce nake so in gani."

A waje masu babura suka fara salati. Na fito na tsaya a bakin bahon ruwa. Can sai ga ta, ta zo wanke fuska. Ba ta dube ni ba.

"Baba Kafinta, tun da safe kuka san yadda ake ba shi?"

"Tun da safe."

"Da ya wuni yana jin ƙarar kwanon."

Ta watsa ruwa a fuska ta koma ciki.

Bayan an yi jana'iza an watse, aka rufe rumfar, wani ya sayi injin iska da tayoyin. Saura ya murmure, cikinsa ya fito. Amma ga abin da ban shirya ba: ba ya karɓa a hannun kowa sai Tsaf-tsaf. Na tauna na ba shi, ya kau da kai. 'Yar ta gwada, don ta so ta tafi da shi wajen 'ya'yanta, ya shige ƙarƙashin benci. In Tsaf-tsaf ya makara a kasuwa, haka zai zauna a bakin ƙofa da yunwa yana jira. In ya fita ya bi shi har titi, yana taka masa bakin riga.

Ranar da za ta koma gidan mijinta ta shigo shagona sallama, jakarta a kafaɗa. Ta tsaya tana wasa da garin katako da ɗan yatsan ƙafa.

"Da gaske dole sai daga kwanon ake ɗiba?"

"Ubanki daga farantinsa yake ɗiba."

Ta kan katanga muna jin Tsaf-tsaf yana kiran kwikwiyon.

"Za ku gaya masa?"

"Ke za ki gaya masa?"

Ta gyara jakarta. "A gaida Mama," ta ce, ta fita.

Yanzu kullum da safe, kafin in ɗauki zarto, nakan leƙa. Yana tsugune inda yayansa yake tsugunawa, gwiwar wandonsa ta yi baƙin da wanki ba ya fitarwa. Ya ɗebi loma daga kwanon ya tauna, kare na kallon bakinsa. Tantabarunsa suna jere a kan katanga suna jiran abin da zai zube. Sannan kwanon ya kama hanya a kan siminti, ƙwarang-ƙwarang, har ya je ya tsaya a jikin ƙofar da aka kulle.